Zakin da Ya Ciji Kofur

"Malama, ki ɗauke shi daga nan! Wannan asibiti na tsofaffin sojoji ne, ba na waɗanda suka yar da bindiga suka ari na kare ba!"

Haka ma'aikacin da ke bakin taga ya faɗa da ƙarfi, ya turo mata takardar sallamar mahaifinta da ɗan yatsa kamar mai ture ƙazanta. Mutanen da ke kan layi duk suka juyo. 'Yar Kofur ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta waiwaya ta dubi mahaifinta a kan keken guragun da ta aro, kansa ya karkace gefe guda, yawu na bin gefen bakinsa, amma idanunsa a buɗe suke tar... ya ji komai! Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi harshensa ya yi nauyi, sai dai kunnuwansa ba su mutu ba, zuciyarsa ma ba ta mutu ba.

"Don girman Allah, Yallaɓai, ka duba mu," ta ce. "Likita ya ce akwai ɓarɓashin ƙarfen bam a kusa da lakarsa, yana motsi, nan ne kaɗai ake da masu iya cire shi. Idan ba a fagen yaƙi ba, a ina mutum zai samu ƙarfen bam a bayansa?"

"Mai gudu ai ta baya ake samunsa," in ji wani daga cikin layi. Aka kwashe da dariya.

Ta juya keken da sauri, hawaye na zuba, tana tura shi tana tuntuɓe, ba ta ko ganin gabanta. Sai da suka fita ƙofa ta durƙusa ta goge masa baki da gefen mayafinta. Kofur ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya dafa kanta, ya yi ta kokawa da harshensa kafin kalma ɗaya ta fito. "U... uwata..." Haka yake kiranta tun tana zanen goyo. Ta kifa kanta a gwiwarsa ta fashe da kuka. Ya Allah! Layi ɗaya tak a jikin takarda, "An kore shi saboda gudu daga bakin aiki", shi ne ya cinye musu rayuwa, ga shi yanzu yana neman cinye ran mahaifinta.

Ita dai ta san labarin tun tana ƙarama. Kofur da yayansa Saje uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma bataliya ɗaya suka yi. A wancan zamani sojoji na da wata ɗabi'a a tsakaninsu: idan aiki ya faɗo kan mutum yana da uzuri, sai ya ba ɗan'uwansa rigarsa mai ɗinke da sunansa a ƙirji, wancan ya saka, ya amsa kira a madadinsa, manya ba su sani ba. Ranar da aka tura sintiri bakin wata gada, sunan Saje ne ya fito. Ya zo wa ƙaninsa yana murɗe-murɗe, wai cikinsa ne, wai ba zai iya ko miƙewa ba. Kofur bai yi musu ba, ya karɓi rigar ya saka. A bakin gadar nan aka yi musu kwanton ɓauna. Cikin hayaƙi da ruwan harsashi Kofur ya goyo Kyaftin ɗinsu, wanda ƙafafunsa suka ragargaje, ya ratsa da shi ta cikin ciyayin bakin kogi, ta gaban maƙiya, har ya kai shi motar asibiti. Masu motar suka karanta sunan da ke ƙirjin rigarsa suka rubuta. Ya juya don ya ɗauko wani, bam ya tashi da shi.

Masunta ne suka tsince shi, rigar ta ƙone a jikinsa, suka yi ta jinyarsa wata da watanni. Ranar da ya dawo bariki yana ɗingishi, sai ya tarar an daɗe da rubuta shi cikin waɗanda suka tsere, domin tun safiyar nan ba wanda ya amsa sunansa. Saje kuwa, wanda ya ɓuya a bayan ɗakin girki har ƙura ta lafa, an maƙala masa lambar yabo ta jarumta, an ƙara masa igiya! A gaban kotun soja Kofur ya faɗi gaskiya, Saje ya miƙe ya rantse bai taɓa ba kowa rigarsa ba. Kyaftin kuwa an fita da shi ƙasar waje, ba a san ma ko zai rayu ba. Aka tuɓe wa Kofur kaki a gaban jama'a. Baƙin cikin nan ne ya kwantar da matarsa, ba ta tashi ba. Aka bar shi da 'ya ɗaya, a ɗaki ɗaya cikin gidan gado, yaran unguwa na binsa da waƙar "Kofur gudu, Kofur gudu".

Duk da haka bai taɓa barin 'yarsa ta kwana da kuka ba. Idan tana shafa masa man zafi a baya, takan tsaya a kan wani tabo a kafaɗarsa ta hagu, zagayayye, mai rami-rami, ta ce, "Baba, wannan fa?" Sai ya yi dariya ya ce, "Zaki ne ya cije ni, Uwata. Kuma ni na ce masa ya ciza." Ta yi ta ƙyalƙyala dariya, ta ɗauka irin zolayarsa ce.

Daga asibitin nan 'Yar Kofur ba ta sake samun sukuni ba. Guga take yi wa mutane, da shi suke ci, amma yanzu sai ta ɗora dutsen guga a kan riga hankalinta na wani wuri, har sai ta ji ƙauri. Aka gaya mata akwai kwamitin da ke gyara takardun sallamar sojoji. Ta tafi. Daga ƙasa aka tura ta sama, daga sama aka ce mai ofishin ya fita taro, ta dawo washegari aka ce fayil ɗin yana ƙasa, a ƙasa aka ce mai makullin yana hutu. Silifas ɗinta ya tsinke a kan matattakalar nan, ta ɗaure shi da leda ta ci gaba. Ranar da ta samu ganin sakatariyar kwamitin, wata mace mai gilashi da ba ta da wulaƙanci, matar ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta girgiza kai.

"Ƙanwata, na ji tausayinki, amma hukuncin kotun soja ba a soke shi da hawaye. Ki kawo mutum mai rai, wanda yake wurin, wanda zai ce mahaifinki ya gani ba yayansa ba."

"Anti, waɗanda suke wurin ai suna ƙarƙashin ƙasa..."

"To, hannuna a ɗaure yake."

Ashe kwamitin ya aika wa Saje da tambaya. Tana shigowa gida ta tarar da kayansu a tsakar gida, tabarma, tukwane, har da kwandon kayan gugar mutane an watsar a ƙasa. Baffa Saje na tsaye, tumbi a gaba, daga shi sai singileti, yana huci.

"Ke! Ni za ki kai ƙara? Ni da na rufa muku asiri a gidan nan?"

"Baffa, ba ƙararka na kai ba, ran Baba nake nema. Ka dubi zumunci, kalma ɗaya kawai za ka faɗa..."

Tas! Marin ya sa ta ga taurari da rana tsaka. "Kalma ɗaya? Ga ta nan: ku fita! Ɗakin ajiya ya ishe ku, ke da wannan matsoracin da ko mutuwa gudunta yake yi!"

Daga cikin ɗaki Kofur ya yi wani irin gurnani, ya yunƙura zai tashi, ya faɗo daga kan gado. Ita kaɗai ta ja shi, tana kuka tana "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un", har cikin ɗakin ajiyar da ke ƙarshen gida, tsakanin tsofaffin tayoyi da buhunan siminti da suka daskare. Bai tsaya nan ba, Baffa ya bi gida-gida yana cewa tana ƙona kayan mutane da gangan, masu kawo mata guga suka janye ɗaya bayan ɗaya. Saurayin da ke nemanta ma ya aiko ƙanwarsa da saƙon cewa iyayensa sun ce ba za su haɗa jini da gidan da ake jifa da gori ba. Ba ta ma samu lokacin yi masa kuka ba, domin a satin nan ƙafar Kofur mai lafiya ita ma ta fara mutuwa. Ta tsunkule shi, bai ji ba. Ƙarfen yana tafiya! Ta shiga ta fita, ta zauna ta miƙe, ta ɗaga hannu sama. "Ya Allah, kai ka ga abin da ya faru a bakin gadar nan. Ba ni da shaida sai kai..."

Wata safiya sai ga Baffa Saje da kansa a ƙofar ɗakin ajiya, riƙe da tsohon kakinsa, gumi na keto masa duk da sanyin safiya. Ya jefa mata. "Goge shi yanzu-yanzu, ya yi tsini. Ina da babban baƙo." Daga bakin yaran gida ta ji ko wane ne: Kyaftin ɗin nan ne! Ashe ya rayu, har ya kai Kanar kafin ya yi ritaya, ya daɗe a ƙasar waje wajen 'ya'yansa. Ya sha aikowa yana neman ganin wanda ya cece shi, Saje na kawo uzuri, yau ba shi da lafiya, gobe ya yi tafiya. Wannan karon bai nemi izini ba, ya ce ga shi nan tafe.

Wani fata ya taso mata, sannan ya sake mutuwa. Mutumin da aka goya cikin hayaƙi, rai a hannun Allah, ina ya ga fuska? Tana cikin wannan tunani, tana goge kakin a rumfa, ta ji ƙarar kulle kwaɗo. Ta fito da gudu, dutsen guga a hannu, ta tarar Baffa ya garƙame ɗakin ajiya da mahaifinta a ciki, ya jefa makullin a aljihu.

"Baffa, zafi zai kashe shi! Ko taga babu!"

"Idan ya yi tari ɗaya baƙona ya ji, yau a titi za ku kwana. Ke kuma ki kawo ruwa, ki ajiye, ki fita. Kurma ce ke, bebiya ce ke. Kin ji ni?"

Da hantsi mota ta tsaya. Aka sauko da wani dattijo mai furfura a kan keke, bargo lulluɓe da inda ƙafafu ya kamata su kasance. Maƙwabta suka cika falo, Saje ya ƙame ya sara, lambar yabo na ƙyalli a ƙirjinsa. Kanar ya kama hannunsa da hannu biyu, idanunsa suka kawo ruwa. Lokacin da 'Yar Kofur ta shigo da tiren ruwa, dattijon na murmushi, sai ta lura haƙorinsa ɗaya na gaba a karye yake, rabi ya tafi.

"Likitoci sun yi ta fama da ni in bari su gyara shi," Kanar yake cewa, yana taɓa haƙorin. "Na ce a'a, wannan ba nawa ba ne ni kaɗai. Saje, na gode da ka riƙe mini amana. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin labarin a bakin kowa ba. Amma yanzu na tsufa, kunyar ta ƙare. Buɗe mini in ga aikina."

Saje ya yi yaƙe. "Aikinka, ranka ya daɗe?"

"Abin da na bar maka a jiki mana! Ko ka manta?"

"A'a, haba, wa zai manta..." Saje ya duba hagu ya duba dama, sannan ya sunkuya ya naɗe ƙafar wandonsa, ya nuna wani tabo a ƙwauri. Wani maƙwabci mai gyaran babur ya leƙo ya ce, "A'a, Saje, wannan ba salansar babur ɗina ce ta ƙone ka bara ba?" Wasu suka yi dariya. Kanar bai yi ba. Murmushinsa ya ɗauke ɗif.

"Saje," ya ce a hankali, "da muka zo daidai inda maƙiya suke, ni hafsa guda na fara kuka ina kiran uwata kamar yaro. Da sun ji ni, da mu duka mun mutu. Me ka ce mini?"

"Na ce... na ce ka yi haƙuri, ranka ya daɗe, ka daure..."

"Ƙarya ne! Wanda ya goye ni cewa ya yi, 'Oga, ciji kafaɗata, kada ka yi ƙara.' Na ciza har haƙorina ya karye a ƙashinsa, bai ce uffan ba! Da zai sauke ni na roƙe shi kada ya gaya wa kowa na yi kuka, ya ce har kabarinsa..."

Tiren ya suɓuce daga hannun 'Yar Kofur, kofuna suka tarwatse. Zaki ne ya cije ni... ni na ce masa ya ciza! Wayyo Baba! Ashe shaidar tana jikinsa, a ƙarƙashin hannunta kullum, ya tsaya gaban kotu aka tuɓe shi, ya binne matarsa, ya sha gori, bai buɗe kafaɗar nan ba, don kawai ya yi wa hafsansa alkawari!

"Kafaɗar hagu!" ta ƙwala ihu. "Ranka ya daɗe, kafaɗar hagu ce! Zagayayye, da rami mai zurfi ta sama!"

"Fita, mahaukaciya!" Saje ya yi kanta. Direban Kanar ya tare shi da ƙirji.

Kanar ya zuba mata ido. "'Yata, a ina kika gan shi?"

Ba ta tsaya amsawa ba. Ta fita da gudu, ta suri dutsen gugarta na gawayi, ta nufi ɗakin ajiya, ta ɗaga da hannu biyu ta sauke a kan kwaɗon. Garwashi ya watse, ya ƙone mata hannu, ba ta ji ba. Ta sake, ta sake, har kwaɗon ya faɗi. Jama'a sun biyo ta, direba na turo keken Kanar. Ga Kofur kwance a kan tabarma, jiƙe sharkaf da gumi, numfashi sama-sama. Ta tallafo shi a ƙirjinta, ta zame masa riga daga kafaɗa, ta juyo shi wajen haske.

Kanar ya sa aka matso da shi har tayar keken ta taɓa tabarma. Ya miƙa hannu, ya bi tabon da yatsa, rami bayan rami, har ya tsaya a kan mai zurfin. Ya kai ɗaya hannun ga karyayyen haƙorinsa. Sai kuka ya ƙwace masa, irin kukan da ya ɓoye tun yana saurayi.

"Kai ne... Wallahi kai ne! Me ya sa ba ka nuna musu ba? Me ya sa, bawan Allah?"

Kofur ya buɗe ido, ya daɗe yana kallon fuskar. Leɓɓansa suka yi ta motsi, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, kowa ya riƙe numfashi.

"O... Oga..." ya ce, kalma na fita da ƙyar. "Ban... gaya wa... kowa ba."

Babu wanda bai yi hawaye ba a wurin nan, har mai gyaran babur. Kanar ya gyara zama a kekensa, ya miƙe ƙirji, ya ɗaga hannu ya sara wa Kofur, ya ƙi saukewa. Sannan ya juya, murya ta koma irin ta fagen fareti: "Ina wancan?" Aka kamo Saje a bakin ƙofar baya yana ƙoƙarin sulalewa, ƙafar wando ɗaya a naɗe. Ya zube yana "Sharrin Shaiɗan ne, ƙanina, ka yafe mini, tsoro ne ya sa..." Kanar ya ce a cire abin da ke ƙirjinsa kafin ya ƙara ƙazanta shi. Matan unguwa suka yi ta tofa masa albarkacin bakinsu, yaran da suka saba yi wa Kofur waƙa suka bi motar 'yan sandan soja da ta zo ta tafi da Saje da sabuwar waƙa.

A ranar, a motar Kanar aka kai Kofur asibitin nan. Ma'aikacin taga ya ɗago zai fara faɗa, ya ga wanda ke tare da su, ya miƙe har kujerarsa ta kife. Likitoci suka shiga da shi, 'Yar Kofur ta yi ta safa da marwa a baranda, hannunta naɗe da bandeji, bakinta bai huta da addu'a ba, har likita ya fito da ɗan ƙarfe baƙi a cikin faranti ya ce an dace.

Kanar da kansa ya zauna gaban kwamiti ya ba da shaida, likitan haƙori ya gwada tabon da haƙoran Kanar, suka yi daidai. Aka soke hukuncin, aka goge layin nan, aka rubuta cewa an sallame shi cikin girmamawa bayan rauni a fagen fama. Sakatariya mai gilashi ce ta kawo sabuwar takardar har gadon asibiti, tana share ido. Saje kuwa kotun da ya yi wa rantsuwar ƙarya ita ta karɓe shi, ta tuɓe masa igiyoyi, ta tura shi gidan yari.

Ranar da za a maƙala lambar yabo, 'Yar Kofur ba ta bari kowa ya taɓa sabon kakin ba. Ita ta goge shi, ta bi kan sunan da ke ƙirji a hankali, sunan mahaifinta, hawayenta na ɗiga a kai dutsen guga na busar da su. Aka jera kekuna biyu gefe da gefe a filin asibiti, sojoji suka ƙame. Da Kanar ya gama maƙala lambar, ya rungume shi, sai Kofur ya yafito 'yarsa da hannu. Ta durƙusa, ta kai kunnenta kusa da bakinsa. Ya nuna Kanar da ɗan yatsa, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga da murmushin da ta daɗe ba ta gani ba.

"Uwata..." ya ce. "Ga... zakin."